Kuɓewa a Bayan Motar Yallaɓai

Dokoki uku Yallaɓai ya bar mini ranar da zai tafi kwas Ingila, kuma babu kuɓewa a cikinsu. Ta farko, in tayar da injin motar kowace safiya ya yi minti goma don kada batir ya kwanta. Ta biyu, kada taya ko ɗaya ta taka wajen ƙofar gida. Ta uku, in ɗauko matata daga ɗakin da muke haya a unguwar Hammadu Kafi, nan Gombe, mu tare a ɗakin baya na gidansa da ke Federal Low-Cost, wato Lokos, tunda uwargidansa da yara za su tafi Katsina wajen iyayenta har ya dawo. Ya faɗa, ya sa na maimaita, sannan ya leƙa ya kwafe lambar tafiyar da ke agogon motar a bayan kwalin ashana. Ni ma na kwafa a tawa takardar, don kada kwalinsa ya ɓata a ce ni na juya wani abu.

Ni direbansa ne. Yallaɓai kuwa babba ne a ofishin gona, kuma abin da aka tura shi ya koyo na wata uku shi ne yadda ake busar da amfanin gona a adana shi. A shekarun nan da man fetur ya yi daraja, gwamnati ba ta jin nauyin tura mutum Ingila ya koyo shanya. Kowa a Lokos ya sayi mota, wanda bai saya ba yana jiran tasa. Ta Yallaɓai fara ce, shekararta ɗaya da rabi, kuma har lokacin ba a cire ledar kujerunta ba. Idan zai shiga sai ya kakkaɓe takalminsa kamar mai shiga masallaci.

Aikin nan shi ne aikin kirki na farko da na taɓa samu bayan na gama firamare na yi ta gararamba a tasha. Kawuna ne ya tsaya mini. Abin da ya ce wa Yallaɓai a gabana shi ne: "Ba shi da gudu, ba shi da wayo, amma ba ya ɓarna." Yabon ke nan gaba ɗaya, kuma a kansa na yi aure. Gaskiya kawu bai yi ƙarya ba. Ni mutum ne da idan na kulle ƙofa sai na koma sau uku na girgiza kwaɗon. Idan na yi alwala na kai ƙafa, sai in fara shakkar ko na shafi kunne.

Mun tare da sati biyu sai marka ta sauka, kuma a ranar ne surukata ta aiko mana da kuɓewa kwando guda daga ƙauye. Matata ta zauna ta yanka ta tas don ta shanya. Idan ta baza tabarma sai hadari ya haɗo. Idan rana ta ɗan leƙo sai awakin maƙwabta su shigo, domin ma'aikatan Lokos duk takalmi da alƙalami ne a ofis, amma kowa da akuyarsa a gida. Kwana uku kuɓewar ta fara yauƙi tana shirin yin funfuna.

Wata rana da azahar na aike ta ta ɗauko mini tsumman goge mota da na manta a kujerar baya. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, zufa na zuba a goshinta, tana murmushin da ban so ba.

"Malam, ka san cikin motar nan ya fi gindin murhu zafi?"

"Na sani. Rufe ƙofar a hankali."

"Ga wata 'yar kanta a baya, ƙarƙashin gilashi. Faifai biyu za su zauna daram. Ba ruwa, ba akuya, ba ƙuda."

"Ke! Motar Yallaɓai ce fa."

"Dokoki nawa ya ba ka?"

"Uku."

"Faɗo su."

Na faɗo su. Ta ce, "To ina kuɓewa a ciki?"

Na ce a ba ni lokaci. Na ɗauko littafin motar daga aljihun gaba, na zauna a ƙofar ɗaki da ɗan Turancina na aji bakwai, na bi shi daga bango zuwa bango da yatsa. An yi maganar mai, an yi maganar iskar taya, an hana shan taba kusa da tanki. Ba inda aka hana shanya. Kafin in kai shafin ƙarshe ma faifai biyu sun riga sun hau kanta.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin kuɓewa ta bushe haka ba. Kwana biyu, ta fito kore shar, ba yashi, idan ka karya ta ce ƙas. Matata ta ƙara tattasai. Matar maƙwabcinmu malamin makaranta ta leƙo ta katanga ta tambaya ko akwai wuri a kujerar gaba, na ce wallahi sai dai a tsallake gawata.

A sati na biyar, ina goge gilashin baya da safe, na ga wasu 'yan kumfa a kusurwar hagu ta ƙasa, dab da robar da ta riƙe gilashin. Ƙanana ne, kamar ƙwayar gero. Na goga ta waje, suna nan. Na shiga na goga ta ciki, suna nan. Na sa farce, gilashi sumul. A tsakiyar gilashin suke, inda hannu ba ya kaiwa. Na ƙirga su, goma sha ɗaya. Bayan azahar na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Washegari na samu goma sha biyu, amma ban tabbata ko jiya ce na tsallake ɗaya ba, wannan rashin tabbacin ya hana ni karin kumallo.

Na kira matata na nuna mata. Sai da ta durƙusa ta kanne ido ɗaya kafin ta gani.

"Waɗannan? Su ne ka tashe ni daga kan tuwo?"

"Tururin kuɓewarki ne ya shiga."

"Kuɓewata ta huda gilashi? Da haka take da ƙarfi ai da ta huda cikinka tuni."

Na sa aka kwashe faifan nan take. Tunda doka ta hana motar fita, ni na hau keke zuwa unguwar Bolari. A bayan tasha akwai wani dattijo Batangale mai rumfar gilashi, shi ke sa wa manyan motoci da bas-bas. Kowa Baba yake ce masa. Dattijon coci ne, ba ya aiki ranar Lahadi, ba ya kuma sauri a sauran ranakun. Na yi masa bayani, ya ce in kawo motar. Na ce ba ta fita. Ya ce ta lalace ne? Na ce lafiyarta ƙalau, doka ce. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Asabar.

Ranar Asabar ya zo a babur ɗinsa. Ya zagaya motar, ya tsuguna, ya danna robar da babban yatsa.

"Ɗana, wannan gilashin ba ɗaya ba ne. Biyu ne aka manna, da wata leda a tsakani, kamar ƙosai a cikin burodi. Motar tana zaune rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, sai danshi ya sami hanya ta gefen roba, ledar ta ɗan saki. Shi ke nan. Na ga irinsa ya fi a ƙirga."

Na ce, "Baba, kuɓewa fa?"

"Wace kuɓewa?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa ya cire tabarau. Ya kira matata ya ce mata, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, shekara talatin ina cikin motoci ban taɓa tunanin wannan ba." Da ya huce na sake tambaya ko kuɓewar ce ta jawo. Da a ce ya san ni, da ya ce a'a kawai ya hau babur ɗinsa. Amma shi ma mutum ne mai tsoron ƙarya.

"Ban ce ita ce ba. Amma danshi danshi ne, ba zan rantse ba ta sa hannu ba."

Ya ɗauko wani baƙin gam ya bi gefen robar da shi don kada ruwa ya ƙara shiga. Ya ce magani ke nan, in bar su haka, ba mai ganinsu sai wanda ya durƙusa. Na ce ba a iya fitar da su ne? Ya ce a can inda ake ƙera gilashin zafi suke ba shi su matse shi a wani babban inji, amma nan Gombe ba mu da wannan. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka bar shi. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Na ji ɗin, amma abin da ya zauna mini a kai shi ne zafi da matsewa. Kwana huɗu ina juya kalmomin nan biyu. Rana ta biyar ina goge kakina na direba, na dubi abin da ke hannuna. Dutsen guga na gawayi. Ga zafi, ga nauyi. Na ce ashe injin Turawa yana ɗakinmu.

Na sa matata ta shiga ta durƙusa a kujerar baya, ta tokare gilashin ta ciki da katakon da take yanka a kai, naɗe da tsohon zane. Ni kuma ta waje na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar riga, na hura gawayi, na yi bisimilla na ɗora.

"Malam, Baba bai ce ka bari ba?"

"Riƙe da kyau."

"Ni dai na faɗa, kuma motar nan shaida ce."

Da na ɗaga rigar, wallahi ƙananan sun ɓace. Na yi kabbara. Sai matata ta ce daga ciki, "Ba ɓacewa suka yi ba, haɗuwa suka yi." Na duba, ga guda ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa. Na ce to ai ɗaya ta fi sauƙin kora. Na ƙara gawayi, na bi ta da bakin dutsen ina tura ta wajen roba don ta fita ta inda ta shigo. Sai ta zille ta yi sama. Na tare ta ta sama, ta yi dama. Kamar mai kama kaza a tsakar gida, duk inda na sa dutse sai ta ɓullo ta wani gefen, kuma kowace ɓullowa ta ƙara ƙiba. Matata tana ta ba ni labari ta cikin gilashi: "Ga ta nan! Ta wuce ka! Ta haihu!" Ban tsaya ba sai da gawayin ya mutu.

Da gilashin ya huce, kumfar ta zauna a tsakiya sosai, faɗin tafin hannuna, ta yi fari fat kamar hakiya a ido. Daga bakin titi ana hango ta. Malamin makaranta ya tsaya da kekensa ya tambaya ko tsuntsu ne ya yi kashi.

Na koma Bolari. Baba ya zo, bai ko sauka daga babur ba.

"Wa ya yi wa motar guga?"

Matata ta nuna ni da haɓa.

"Ka sa mata sitaci kuwa?"

Ya ce yanzu kam sai sabon gilashi, kuma irin wannan daga Ikko yake zuwa, inda kaya ke kwana wata da watanni a bakin ruwa kafin a sauke. Ko yau aka aika, Yallaɓai zai riga shi isowa. Ya ce abin da direbobi ke yi shi ne su manna takarda mai rubutu a kai, yana da su a rumfa, sai dai nasa duk ayoyin coci ne. Na ce Baba, Alhaji ne fa, Bakatsine. Ya ce to ai shi ke nan, ya dawo ya tarar motarsa ta tuba.

Matata kuwa shawararta ɗaya ce: in ce rana ce ta yi. Ta ce ai Baba ma ya ce rana ce. Na ce rana ta yi goma sha biyu a gefe, wannan ta tsakiya da hannuna na yi ta. Ta ce, "To sai ka shirya komawa tasha, ni kuma in shirya jin bakin kawunka." Sannan ta ƙara da cewa, "Tunda an riga an yi ɓarnar, in mayar da sauran kuɓewar?"

Na je kasuwa na sayo takardar mannawa mai addu'ar tafiya. Ta rufe tabon ɗas. Na tsaya ina kallonta, sai na ga na ɗauki sunan Allah na rufe laifina da shi. Kafin la'asar na ɓare ta, na yi awa guda ina kankare gam da kananzir.

Sati biyar da suka rage na yi su ina rubuta wasiƙa. Na rubuta shida. Ta farko ta yi shafi huɗu, ta fara daga kwandon surukata. Ta ƙarshe layi tara ce, na amsa laifin kuɓewa da na guga, na roƙi kada a gaya wa kawu sai na gaya masa da bakina. Na wanke motar ciki da waje sau ba adadi. Na cire kakina na ninke, don idan an ce in ajiye kada in tsaya nema. Kowace safiya dai ina tayar da inji minti goma, agogo a hannu.

Motar ofis ce ta sauke shi wata Laraba da hantsi. Ya rame, wuyansa yana yawo a cikin kwat. Na karɓi akwati, na yi masa barka da sauka, wasiƙa tana aljihuna ta jiƙe da zufa. Bai shiga gida ba, motar ya nufa, kuma ta gaba ya je mata. Ya zaro kwalin ashana ya duba lamba, ya gyaɗa kai. Ya buɗe ƙofar baya zai zauna, sai ya tsaya cak. Ya shaƙa. Ya sake shaƙa.

"Me nake ji haka?"

Duk wankin da na yi, hancina ne ya saba. Ya sa hannu a lungun kanta, inda tsummana bai kai ba, ya zaro yanka ɗaya na kuɓewa. Ya fito da ita rana ya juya ta. Ya karya, ta ce ƙas. Ya sa a baki.

"Wa ya busar da wannan?"

"Ranka ya daɗe, akwai wasiƙa..."

"Ban tambaye ka wasiƙa ba. Kira mini matarka."

Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce kwana nawa take yi? Ta ce biyu, idan da hadari uku. Ya ce tagogi a rufe? Ta ce a'a, tana sauke na baya faɗin yatsa ɗaya don gumi ya fita, in ba haka ba sai ta dahu. Ni ban ma san tana taɓa tagogin ba. Ya ce tana juyawa? Ta ce sau ɗaya da azahar.

Yallaɓai ya jingina da motar ya yi dariya har da tari. Ya ce wata uku yana cin dafaffen dankali ba gishiri, sanyi yana cin ƙashinsa, kuma babban abin da aka nuna musu akwati ne mai murfin gilashi da 'yar kafar iska a gefe. "Har jarrabawa na rubuta a kai! Ashe malamar tana bayan gidana."

Yana cikin dariyar ya zagaya baya. Dariyar ta tsaya.

Na miƙa wasiƙar da hannu biyu. Ya karanta a tsaye, ya dubi tabon, ya sake karantawa.

"Guga?"

"Guga, ranka ya daɗe."

"Na gawayi?"

"Shi ne muke da shi."

"Kafin gugar, ina kumfar take?"

Na durƙusa na nuna masa kusurwar. Shi ma sai da ya durƙusa da kwat ɗinsa.

"A nan wa zai gan ta?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai Allah."

"To a cikinku biyu wa ya ce a ɗauko dutsen guga?"

Matata ta toshe baki da gyale. Ni kuwa na ce a raina an zo wurin. Na ce kakin yana ɗaki a ninke. Ya ce wa ya tambaye ni kaki? Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce direban da zai yi wata uku da mota lambarta ba ta motsa ba, ba a samunsa a tasha, don haka ba inda za ni. Amma ga doka ta huɗu: duk ranar da na ga wani abu ya lalace, in zuba hannuwana biyu a aljihu har sai ya zo. Ya sa na maimaita.

Na ce gilashin fa, a aika Ikko?

"Ba za a aika ba. Ni a baya nake zama, na ba shi ƙeya. Kai ne mai kallon madubi."

Sannan ya juya ga matata ya ce idan akwai sauran kuɓewar nan, a yi masa miya yanzu, da tuwon dawa, kada a sa dankali ko a kusa da tukunyar.

Bayan wata biyu kafintan ofis ya ƙera akwatin nan mai murfin gilashi, aka riƙa yawo da shi ƙauyuka ana nuna wa manoma a matsayin abin da Yallaɓai ya koyo a Ingila. Ni nake ɗaukarsa a but ɗin mota. An ba matata guda ɗaya, ta gwada ta ce bai kai mota ba.

Shekara shida na ƙara tuƙa motar nan. Daga Gombe zuwa Bauchi, zuwa Kaltungo, zuwa Katsina da sallah, duk ɗaga idon da zan yi in duba baya sai na fara gaisawa da farin tabon nan kafin in ga titi. Idan babbar mota ta biyo mu sai in karkata kai in leƙa ta gefensa. Yallaɓai yana lura, wani lokaci ya ce daga baya, "Yaya, tana nan?" In ce tana nan, ranka ya daɗe. Kawu bai ji labarin daga bakina ba, a tasha ya ji, domin har na bar aikin direbobin Bolari mai guga suke kirana.

'Yan kumfa goma sha biyun nan na farko kuwa, har yau ban san ko kuɓewa ce ta kawo su ba. Na sake tambayar Baba ya fi sau goma, har ranar da ya ce idan na ƙara zai bi ni da abin yankan gilashi. Da aka zo sayar da motar, mai sayen ya tsaya a baya ya daɗe yana duban tabon, ya tambaye ni mene ne wannan. Yallaɓai yana tsaye, matata tana leƙe daga ƙofa. Na zuba hannuwana biyu a aljihu, na ce masa ya samu wuri ya zauna, da kwandon surukata abin ya fara.